Malam zabiya da jar fitila: shaidar wata ma'aikaciyar jinya

Wanda zan ba da labarinsa malamin makaranta ne, zabiya, haifaffen wani ƙauye a arewacin Najeriya. Shi da kansa ya ce in ba da labarin, amma kada in faɗi sunansa ko na garinsu. A cewarsa, 'yan'uwansa zabiyoyi da yawa suna yawo da abin da ya yi shekara da shekaru yana yawo da shi, wato lalacewar fata da rana ke jawowa, suna zaton kirci ne ko kaushin hunturu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen cututtukan fata na wani asibiti a Ingila, inda aka yi masa maganin da ake haska fata da jar fitila, don haka abin da zan faɗa game da aikin, abin da hannunmu ke yi ne kullum.

Malam ya taso kamar kowane yaron ƙauye: gona da damina, kiwon awaki da rani, aski ƙwal-ƙwal duk bayan mako biyu. Ba wanda ya taɓa ce wa iyayensa rana cuta ce a gare shi. In ya dawo daga gona fuska ta yi jajur, wuya ya yi bororo, sai mahaifiyarsa ta shafa masa man kaɗe, washegari a koma. Da ya girma ya fara koyarwa, hula ta zauna masa a ka, kuma hular nan ta bar shaida a jikinsa. Ranar da likita ya fara duba shi ya ce ya cire ta, sai ga layi a goshinsa raɗau. Sama da layin fata sumul, fara tas. Ƙasa da shi kuwa, goshi da gefen fuska da saman kunnuwa da ƙeya duk sun yi ja-ja, sun yi ɓawo-ɓawo, in ka shafa sai ka ji kamar samfefa. Haka bayan hannuwansa. Hularmu ta Hausa tana kare tsakar ka, amma kunne da wuya da fuska ta bar wa rana su.

Wannan kaushin shi likitoci ke kira aktinik keratosis. Hasken rana yana ɗauke da wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ke lalata ƙwayoyin halittar saman fata. Baƙar fata tana da launin da ke tare yawancinsa, shi ya sa da wuya ka ga cutar a jikin baƙin mutum. Turawa masu aikin waje, irin manoma da masunta da magina, su ne suka fi cika ɗakin jiranmu, galibi dattawa masu sanƙo. Zabiya kuwa ba shi da wannan launin, ga shi yana zaune a ƙarƙashin ranar da ta fi ta Turai zafi nesa ba kusa ba, sai abin da ke samun Bature yana da shekara 70 ya same shi tun yana saurayi. Yawancin tabban nan ba sa zama komai, wasu ma kan ɓace su dawo. Amma daga cikinsu ne wani nau'in ciwon dajin fata kan taso, kuma babu likitan da zai iya nuna maka da yatsa ya ce wannan ne zai juye, wancan ba zai juye ba.

Malam ya zo Ingila ƙarin karatu yana da shekara arba'in da 'yan kai, daga baya ya samu aiki ya zauna. Abin da ya kai shi wurin likita ba kaushin ba ne, wani ƙurji ne a gefen kunnen dama da ya ƙi warkewa. Ya yi tauri, ya yi tudu, in ya kwanta a kansa yana zafi, in ɓawon ya fita sai ya yi jini. Wannan ba aikin fitila ba ne, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan kafin komai. Duk tabon da ya yi kauri, ko yake girma da sauri, ko yake ciwo, ko yake jini, ko ya zama miki, sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji. Na Malam gwaji ya nuna ya riga ya zama daji, sai dai bai yi nisa ba. Aka yanke shi da ɗan abin da ke kewaye da shi, aka ɗinke. Da an haska masa fitila, saman zai warke ya yi kyau, cutar kuma ta ci gaba da cin nama a ƙasa, domin hasken ba ya shiga fiye da 'yan milimitoci.

Bayan kunnen ya warke ne aka koma kan sauran. In tabo ɗaya ne ko biyu, ruwan naitirojin ake fesawa a daskare shi, sanyinsa digiri 196 ƙasa da sifili, cikin daƙiƙoƙi an gama. Na Malam ba su ƙirguwa, kuma fatar da ke tsakanin tabban ita ma ta lalace ko da ido bai nuna ba. Irin wannan sai maganin da zai ɗauki wurin gaba ɗaya. Likita ya zaɓar masa maganin haske, wanda ake taƙaita sunansa da PDT.

Dabarar tsohuwa ce. Tun 1903 wasu likitoci a Munik ta Jamus suka gwada shafa rini a ciwon dajin fata suna haska shi. Yadda muke yi yanzu kuwa ya samo asali ne daga aikin James Kennedy da Roy Pottier a Kanada, waɗanda a 1990 suka nuna cewa in aka shafa wa fata sinadarin ALA, ita da kanta za ta ƙera abin da haske zai kunna. Jiki yana amfani da ALA wajen haɗa jan launin jini. A kan hanyar haɗawar akwai wani mataki mai suna protoporfirin, kuma ƙwayoyin da rana ta lalata suna tsotsar maganin fiye da lafiyayyu, sannan ba sa iya ƙarasa aikin da sauri, sai protoporfirin ya taru musu. Da haske ya same shi, sai ya miƙa wa iskar oksijin da ke wurin ƙarfin da ya karɓa, ita kuma ta zama guba ta kashe ƙwayar daga ciki. Abu uku ke nan dole su haɗu: magani, haske, da oksijin. Duk kuskuren da ake yi a aikin, in ka bi diddigi, ɗaya daga cikin ukun ne ya yi ƙaranci.

Magungunan da ake amfani da su, masu ɗauke da ALA ko danginsa, sanannu ne. A Turai akwai kirim ɗin Metvix mai miligiram 160 a kowane giram, da Ameluz mai miligiram 78 a giram, dukansu da jan haske ake haska su. A Amurka an fi sabawa da Levulan, ruwa ne mai kashi 20 cikin 100, wanda hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da shi a 1999, ana haska shi da shuɗin haske na minti 16 da daƙiƙa 40. Shuɗin ya fi kunna protoporfirin, jan kuma ya fi shiga cikin fata. Da Metvix aka yi wa Malam.

Kafin ranar akwai tambayoyi. Ko yana da cutar porfiriya, wadda masu ita haske ke cutar da su dama? Ko yana shan maganin da ke sa fata jin rana, kamar doksisaikilin ko wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari? Ko ƙurajen zazzaɓi suna yawan fito masa a leɓe? Masu wannan akan ba su asaikilobiya tun kafin a fara, domin hasken yana iya tayar da su. Sannan ko jikinsa yana ƙin gyaɗa, saboda akwai man gyaɗa da na almon a cikin Metvix. Da na yi masa wannan tambayar sai ya yi dariya ya ce, "Haba Sista, ni da ƙuli-ƙuli ya raina?" Aka kuma ba shi man da ke tausasa ɓawo, mai sinadarin yuriya, ya riƙa shafawa na 'yan kwanaki.

Ranar aikin na ce masa, "Malam, ka yi alwala tukuna, domin in na rufe fuskar nan ruwa ba zai taɓa ta ba sai bayan awa 3." Daga nan aka goge wurin da auduga don cire maiƙo, aka ɗauki ɗan ƙaramin cokalin kankara aka kankare ɓawon kowane tabo a hankali. A nan gwaninta take. In ba a kankare ba, kirim zai zauna a kan matacciyar fata bai shiga ba, a haska a banza. In kuma aka matsa hannu har jini ya fito, jinin zai wanke maganin, ya kuma tare hasken. In ya ɗan tsattsafo, sai a danne a jira ya tsaya kafin a ci gaba. Sai a shafa kirim da kaurin kusan milimita 1, a zarce gefen kowane tabo da milimita 5 zuwa 10, a kauce wa ido da cikin hanci da cikin baki. A rufe da leda mai manne wa fata don kada ya bushe, a ɗora abin da haske ba ya ratsawa a kai. Wannan rufi na biyu ba ado ba ne. In haske ya riƙa shiga a lokacin jira, zai riƙa cinye protoporfirin kaɗan-kaɗan, a zo fitila ba a samu isasshe ba. Sanyi ma yana rage ƙera shi, shi ya sa ba ma son mara lafiya ya fita yawo a waje da hunturu yana jiran lokaci.

Da awa 3 ta cika aka buɗe, aka goge ragowar kirim da ruwan gishiri. Muna da wata 'yar fitila mai haske shuɗi-shuɗi da muke duba wurin da ita a ɗaki mai duhu. A goshin Malam duk inda maganin ya kama sai ya ɗauki wani ja mai ƙyalli, har da wuraren da da rana ba ka ganin komai a kansu. Na ba shi madubi ya gani, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe abin ya fi yadda nake zato."

Sai tabarau, nasa da namu. Ga zabiya wannan ya ƙara muhimmanci, domin idonsa dama ba ya jure haske, don haka nasa masu rufe ido ruf aka sa masa. Ana saita fitilar santimita 5 zuwa 8 daga fata. In ta yi nisa hasken bai kai adadin da ake so ba, wato jul 37 (jul ma'aunin yawan hasken ne) a kowane murabba'in santimita, in kuma ta karkace gefe ɗaya ya samu, ɗaya ya rasa. Kowane wuri yana ɗaukar kusan minti 8 zuwa 10, kuma fitila ɗaya ba ta ɗaukar fuska duka, sai an bi kashi-kashi. Kunne ya fi wahalar saitawa saboda lanƙwasarsa.

Ba zan ɓoye ba, akwai zafi. Yana farawa cikin minti na farko, raɗaɗi da zugi, ya kai ƙololuwa, sannan ya ɗan lafa. Goshi da tsakar ka sun fi ko'ina, kuma wanda fatarsa ta fi lalacewa shi ya fi jin jiki. Farasitamol ba ya yin wani abin kirki a nan, man kashe zafi na shafawa ma haka. Abin da ke taimakawa shi ne fanka ko na'urar hura iska mai sanyi, fesa ruwa, da hira. In ya gagara sai a dakatar da fitilar na ɗan lokaci, ko likita ya yi allurar kashe jijiyoyin goshi, wadda ita ce ta fi aiki. Ba a so a sanyaya wurin fiye da kima, domin jijiyoyin jini za su tsuke, oksijin ya ragu, aikin ya yi rauni. Mai hawan jini kuma ana auna shi, saboda zafin kan ɗaga shi. Malam ya jure da tasbihi, sau ɗaya kawai ya ɗaga hannu ya ce, "Sista, a ɗan ba ni numfashi."

Bayan an gama, ƙa'idar ita ce awa 48 ba rana, ba haske mai ƙarfi a wurin, domin akwai sauran protoporfirin a fata. A nan Malam ya yi tuntuɓe. Ranar Alhamis aka yi masa, washegari ya ga Juma'a ba ta barin kanta, ya shafa man kariyar rana da kyau ya taka zuwa masallaci. Kafin ya dawo fuskar ta ɗauki zafi, da yamma ta kumbura har idanu suka ƙanƙance. Dalili kuwa, yawancin man kariyar rana yana tare hasken da ido ba ya gani ne, shi kuma protoporfirin hasken da ido ke gani ne ke kunna shi. Ko zama kusa da taga yana iya jawo haka. Abin da ke kare mutum a kwana biyun nan shi ne zaman ɗaki, in kuma fita ta zama dole, malfa mai faɗi da mayafi mai kauri. Nasa ya sauka da tsumma mai sanyi da kwanciya da matashi biyu. Tun daga lokacin, duk Musulmin da za a ba ranar aiki, mukan duba kada kwana biyun su faɗa kan Juma'a.

Ko ba a yi irin wannan kuskure ba, satin farko ba kyan gani. Wurin zai yi ja, ya kumbura, ya yi ɓawo, wani lokaci har da ƙananan ƙuraje masu farin kai waɗanda ba ƙwayar cuta ce ta kawo su ba. Daga kwana na uku ko na huɗu fata ta fara saɓa. Ana wankewa da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba tare da cuɗawa ba, a tsane da tawul ta hanyar dannawa, a shafa basilin. Ba a ɓare ɓawo da farce. Alwala ba ta hana komai in an bi a hankali, sujada ce ta ɗan dame shi, sai ya riƙa shimfiɗa tsumma mai laushi mai tsabta. Abin da ke sa a dawo asibiti da gaggawa shi ne zafi mai ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon raguwa, mugunya mai wari, ja mai bazuwa, ko zazzaɓi. Cikin sati ɗaya zuwa biyu fata sabuwa take fitowa, kuma a nan maganin haske ya yi fice: ba ya barin farin tabo irin wanda daskarewa kan bari.

Akwai wata hanya da likitocin Kofanhagen ta Denmak suka fito da ita a 2008, wadda rana ce ke maye gurbin fitila. Ana fara shafa man kariyar rana wanda babu zinki ko taitaniyam a ciki, tunda su suna tare hasken da ake buƙata. Bayan kamar minti 15 a kankare ɓawo, a shafa kirim ba rufi, mutum ya fita waje kafin rabin awa ta cika, ya zauna awa 2 cur, sannan a goge ya shige ɗaki. Kusan ba zafi, domin protoporfirin ba ya samun taruwa, yana fitowa haske yana kunna shi. Sharaɗi shi ne kada a yi ruwa, kada sanyi ya yi ƙasa da digiri 10. Ga ƙananan tabbai marasa kauri a fuska da ka, sakamakonta ya yi kusa da na fitila. Malam ya tambaya ko wannan za ta yi wa mutanen gida, tunda rana ba ta yanke mana. Ni dai a ganina, zaunar da zabiya awa 2 a waje a Kano ko Damagaram da sunan magani abu ne da sai likitan fata ya tsaya a kai da kansa, kuma ba fitilar ba ce kaɗai matsala: kirim ɗin yana da tsada, Metvix ma sai a firiji yake zama.

Kuma gaskiya ita ce, haske ba shi ne sarkin magungunan ba. Wani bincike da aka yi a Holan kan mutum 624, aka wallafa a 2019, ya gwada hanyoyi huɗu, ga sakamakon uku daga cikinsu. Bayan shekara guda, kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka shafa kirim ɗin fuloroyurasil sun samu nasarar da ake nema, masu wani kirim ɗin mai suna imikwimod kusan 54, masu maganin haske kusan 38. Fuloroyurasil mai kashi 5 cikin 100, wanda aka fi sani da Efudix, tsohon magani ne mai sauƙin kuɗi, sau biyu a rana ake shafawa har sati 3 zuwa 4. Aibinsa shi ne fuska tana yin ɗanye tsawon wannan lokaci da bayansa, mutane da yawa sukan tsorata su daina a tsakiya, kuma mai ciki ba ta amfani da shi. Amfanin haske shi ne a yini ɗaya an gama, a hannun ma'aikata, ba a dogara da juriyar mutum a gida ba. Ga malamin da ke tsayawa gaban aji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ga zabiya a ƙauye, wanda ko likitan fata sai ya yi tafiyar yini kafin ya gani, daskarewa da Efudix a ƙarƙashin kulawar likita sun fi kusa da hannunsa.

Bayan wata 3 Malam ya dawo a duba shi, kamar yadda ake yi wa kowa. Goshi da gefen fuska sun yi sumul, sai 'yan tabbai masu kauri a saman kunnen hagu da suka ƙi, aka sake kankare su aka haska karo na biyu. Bayan hannuwa dama ba su cika jin maganin haske kamar fuska ba, fatar wurin ta fi kauri, don haka Efudix aka rubuta masa, hannu ɗaya bayan ɗaya don ya samu na yin aiki. Leɓensa na ƙasa, da ke yawan bushewa yana fashewa, an sa masa ido na musamman, saboda dajin da ya taso a leɓe ya fi saurin bazuwa.

An faɗa masa tun farko cewa sababbi za su fito, domin ɓarnar shekara arba'in tana nan a cikin fata, kuma sun fito, kaɗan-kaɗan, ana daskare su. Yanzu malfa yake sawa a waje, hula sai a cikin gida da masallaci, riga mai dogon hannu ko da zafi, man kariyar rana mai lamba 50 a fuska da kunne da wuya da bayan hannu, yana sabuntawa bayan alwalar Azahar tunda ruwa ya wanke na safe. Duk wata 6 yana zuwa, likita ya duba shi daga ka har ƙafa, ya shafa wurin ɗinkin kunne, ya lalubi wuya da bayan kunne ko akwai kaluluwa. 'Ya'yan ƙanwarsa biyu zabiyoyi ne, suna can gida, kuma shi ke aika musu da man kariya, ya kuma sa an roƙi makarantarsu ta bar su su riƙa sa malfa da doguwar riga a kan kayan makaranta, a kuma ɗauke musu tsayuwar taron safe a rana.